Tabarmar Mutum Biyar

A layinmu na Unguwar Dosa, a nan Kaduna, mace ba ta jiran a yaba mata girki da baki, kwanonta ne ke dawo mata da labari. Maza biyar ne suke cin abincin dare tare a ƙofar gidanmu, a kan tabarma ɗaya, a gindin darbejiya, tun babbar 'yata tana goye. Kafin a kira magariba kowa zai fito da kwanon gidansa ya ajiye. In an idar da salla sai su zauna, a buɗe kwano ɗaya a ci, a jawo na gaba, har a zagaye duka biyar ɗin.

Akwai maigidana, kafinta, shagonsa na kan hanyar Mando. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba, Malam nake ce masa. Akwai Alhaji mai goro, wanda ya fi kowa tumbi da murya. Akwai tela, da wani direba da ya yi ritaya daga wata ma'aikata a Doka. Na biyar shi ne Ticha, tsohon malamin firamare, Kirista ne daga kudancin Kaduna. Lokacin rikicin addini, da danginsa suka yi ta kwashe kaya suna komawa ƙetaren kogi, shi ya ce babu inda za shi. Shi ke gadin kwanuka idan sauran sun tafi masallaci, yana zaune da jarida yana korar kuliyoyi.

Nawa kwanon samira ne mai shuɗin fure, bakin murfin ya ɗan ɓantare. Ba zan yi muku kawaicin ƙarya ba, a layin nan babu kwanon da ke dawowa a suɗe kamar nawa. Miyar kukata ba ta dahuwa sai da ɓargo, ba ta fita ƙofa sai na soya man shanu da albasa na kwarara a kai har ya kwanta. Tozo ba ya yanke mini, mahaucin da nake saye a wurinsa ya san ya ware mini nawa. Wurin gishiri da dunƙule kuwa hannuna ba ya rawa. Idan Malam ya shigo ya dire kwanon, sai in ɗaga murfi kamar ban damu ba, in ga ko'ina fes, in ji kaina ya ƙara girma.

Ciwon ya daɗe yana yi mana sallama, mu ne ba mu amsa ba. Kusan shekara biyu, in Malam zai fita bakin titi, sai ya tsaya a ɗan hawan nan na wajen kwalbati, ya dafe ƙirji, ya yi kamar yana kallon wani abu a sama. In ya ɗan huta sai abin ya sake shi. Ya ce olsa ce. A garin nan duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi olsa ce, don haka ni ma na ce olsa ce. Yana sayo farin maganin ruwan nan a kemis yana kurɓa. Ni kuma a wayona na janye masa barkono, na ƙara masa madara da man shanu, wai su shafe cikin ya kwanta.

Wata safiya, bayan mazan layi duk sun fita, ya sunkuya zai ɗaga akwatin kayan aikinsa, sai na ga ya zauna a kan turmi. Zufa ta wanke shi, fuskarsa ta yi toka-toka.

Ya ce, "Wannan ba irin ta kullum ba ce. Kamar an aza mini buhun siminti, kuma yana sauka hannun hagu, har muƙamuƙina."

Ya miƙo hannu wai in ba shi kwalbar maganin olsa. Ban ba shi ba. Har yau ban san abin da ya hana ni ba, Allah ne dai. Na zari mayafi na fita da gudu na tare napep, ni da mai napep ɗin muka kama shi muka sa a ciki.

A asibiti suka manna masa wayoyi a ƙirji, injin ya fito da doguwar takarda mai zane, hawa da sauka. Likitar da ta duba takardar yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yata ba, amma da na ga yadda ta miƙe tsaye sai na sha jinin jikina. Aka ba shi ƙwayoyi ya tauna, aka ɗebi jini, aka kwantar da shi. Daga baya suka tura mu Abuja. A can aka zura wani siririn bututu ta jijiyar wuyan hannunsa har zuwa zuciya, aka buɗe inda ya toshe, aka bar wata 'yar ragar ƙarfe da ba ta kai tsinken ashana tsawo ba, don ta riƙe wurin a buɗe. Idonsa biyu aka yi komai. Da aka fito da shi ɗan filasta kawai na gani a hannunsa.

Da muka dawo Kaduna likitar nan ta zaunar da mu, ta zana mana a bayan takarda. Ta ce zuciya ma nama ce, tana da nata 'yan jijiyoyin da ke kai mata jini. Maiƙo ne ke taruwa a jikinsu a hankali, shekara da shekaru, hanyar tana tsukewa, kamar dai kwatar wanke-wanke. Shi ya sa yake jin ciwon a hawa, lokacin da zuciya ke neman ƙarin jini ba ta samu. Ranar da ya zauna a kan turmi kuwa, gudan jini ne ya zo ya rufe 'yar hanyar da ta rage.

Kwatar wanke-wanke na san ta, ni ke zura mata ƙarfe in ta toshe, na kuma san abin da nake zarowa. Na ce, "Likita, ki faɗa mini tsakani da Allah, girkina ne?"

Ta ce, "Ba shi kaɗai ba ne, Mama. Baba ya ce mahaifinsa a gona ya faɗi. Ya sha sigari shekaru kafin ya bari. Ga hawan jini da ba a san da shi ba. Amma gado da sigarin baya sun riga sun wuce, ba abin da za mu yi musu. Tukunya kuwa ko gobe za ki ɗora."

Ta jera mana magunguna, na hawan jini, na rage maiƙon jini, da biyu na hana jini yin guda, waɗanda ta ce ko da wasa kada a tsallake rana ɗaya, don ragar tana iya toshewa. Ta ba shi wata 'yar ƙwaya da zai sa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Ta ce ya riƙa tafiyar ƙafa kullum, a janye gishiri da dunƙule, a bar kitse da man shanu da kayan ciki da soye-soye. Sannan ta ɗora biro a wani wuri a zanen, ta ce akwai jijiya ta biyu da ita ma ta fara tsukewa, ba a taɓa ta ba tukuna. "Wannan ita muke tsaro," in ji ta.

A napep ɗin komawa gida Malam ya kafa mini doka. Ya ce kada kowa a layi ya ji. An riga an san olsa ce ta tashi aka kai shi Abuja gwaji, to a bar shi a haka. Na ce saboda me? Ya ce wa zai kawo wa kafinta mai ciwon zuciya aiki? Da muka wuce shataletale sai ya ƙara da cewa, "Kuma kin san mutanenmu. In aka ce ciwon zuciya, cewa za su yi baƙin cikin gida ne ya ja. Ba zan sa a riƙa nuna ki da baki ba."

Wannan maganar ce ta ɗaure ni. Da faɗa ya yi mini da na san yadda zan yi da shi.

Na shiga kicin da sabuwar niyya. Na yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, man gyaɗa cokali ɗaya, gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka, sai busasshen kifi. Ni kaina da na ɗanɗana sai da na ji tausayin miyar. Malam ya ɗauka ya fita.

Kwanon ya dawo da nauyinsa. Tun daga yadda ya dire shi na ji. Na ɗaga murfi, malmala uku suna nan, an ɗan gutsuri gefen ɗaya don kara, shi ke nan. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin haka ba. Na ɗago na dubi Malam, sai ga leɓensa yana ƙyalli, yana tashin ƙamshin man shanun da ba nawa ba.

"Malam, me ka ci?"

"Abin da aka ci."

Na yi faɗa ranar, na yi kashegari, amma ni ma na san yadda abin yake. A tabarmar nan mutum ba ya tsayawa a kwanon gidansa. In aka buɗe na gidan wani ka janye hannu, kamar ka ce kana zargin an sa maka wani abu ne a ciki, kuma maganar ba za ta tsaya a tabarma ba, sai ta shiga har ɗakin matar. Ga shi kuma ya dawo a rame. Duk wanda ya tsinci tsoka mai kitse sai ya tura gabansa, "Ci ka murmure, Malam." Matar tela ta yi masa farfesun kayan ciki musamman. Matar Alhaji ta aiko da na ƙafar saniya. Ina ciki ina auna gishiri da yatsu uku, suna waje suna ɗura masa duk abin da likita ta hana, kuma duk don ƙauna.

Abin da ban gane ba shi ne yadda matan layi suka fassara miyata, sai ranar da matar Ticha ta shigo. Maman 'yan biyu muke ce mata. Doguwa ce, in tana dariya har cinya take duka, tana kirana Hajiya tun ban taɓa ganin cikin jirgi ba. Tare muka yi goyo, ita ce ta zauna da ni a haihuwata ta uku. Ranar ta shigo da leda a ƙarƙashin gyale, ta yi ta hirar da ba ta da kai, da za ta tafi sai ta tura ledar bayan randa.

"Hajiya, wani ɗan man shanu ne aka kawo mana daga gida, ya yi mana yawa. Ga ɗan man gyaɗa kuma. Kar ki ce komai."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Jinya ba wasa ba ce, kowa ya sani. Ba wanda ya ji, ba wanda zai ji."

Sai a lokacin na fahimta. Sun ga miyata ta bushe, sun ɗauka asibiti ne ya cinye mu, muna ɓoye babu. Shi ya sa kowace ta ƙara mai da nama a kwanonta, don Malam ya samu a waje abin da ya rasa a gida, ba tare da an kunyata ni ba. Rufin asiri suke yi mini. Na tsaya da kwalbar man shanu a hannu, ban san ko in yi kuka ko in maka ta da bango ba. Ni da ake turo amare su koyi miya a wurina, yau ni ake tura wa mai a bayan randa! Na yi godiya, don ba yadda zan yi. Da ta fita na zauna na yi kukan, rabinsa haushi, rabinsa ganin irin mutanen da Allah ya haɗa ni zama da su.

Bayan wata uku muka koma ganin likita. Ofishinta a bene yake, hawa ɗaya. A tsakiyar matattakala Malam ya tsaya, ya juya mini baya kamar yana karanta wata sanarwa a bango. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya tafi baki. 'Yar ƙwayar ƙarƙashin harshe ce. Irin tsayuwar kwalbati ce sak.

Jini ya hau, maiƙo bai sauka yadda take so ba, nauyi ya ƙaru. Na faɗa mata tsayuwar matattakala, Malam yana hararata. Ta tambaye shi abinci, ya ce ai sai abin da aka ba shi a gida. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ƙara masa magani, sannan ta ajiye biro ta ce, "Baba, ragar nan hanya ɗaya ta buɗe, ba ta warkar da ciwon ba. Ta biyun tana nan. Kuma ba kowa ke samun isowa asibiti sau biyu ba."

Na fara da hana shi fita. Na ce ya gaya musu iskar yamma ce ba ta yi masa. Kwana uku ya ci abinci a tsakar gida, yana jiyo dariyar Alhaji ta kan katanga, yana haɗiyar tuwo kamar magani. Rana ta huɗu ya wanke hannu tun bai ci rabi ba.

Ya ce, "Na bar sigari, na bar tsire, na bar teburin mai shayi. In kin raba ni da tabarmar nan, me ya rage da kike tsarewa?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ban hana shi ba, don na ga gaskiyarsa.

Kwana biyu ina juya abin a raina. Ban taɓa tsallake maganar Malam a kan abu babba ba. Amma na auna fushinsa, na auna takaba, na ga fushin ne zan iya ɗauka.

Da hantsi, bayan ya tafi shago, na ɗauki kwalbar man shanun nan na shiga gidan Ticha. Na tarar da Maman 'yan biyu tana tsince acca a faifai. Na dire kwalbar a gabanta. Fuskarta ta canza, ta ɗauka raina mata na yi. Na ce ta saurare ni tukuna. Na faɗa mata komai, tun daga turmi har Abuja, da ragar ƙarfe, da jijiya ta biyu, da tsayuwar matattakala.

Ta ajiye faifan. Na ɗauka rungume ni za ta yi, ashe wanke ni za ta yi tas.

"Wata uku, Hajiya! Wata uku kina kallona ina zuba wa bawan Allah nan manja da ganda, kika yi shiru? In da ya faɗi fa? Da hannuna ke nan! Ke wace irin mace ce?"

"Shi ya hana."

"Shi ya hana! To da ya hana ki tare napep ranar nan, sai ki zauna?"

Na bar ta ta yi ta faɗanta. Sai da ta gaji don kanta, ta share ido da bakin zani, ta ce to yanzu a bar mata sauran.

Kafin azahar mu biyar muna zaune a ɗakinta. Ba wadda ta ce baƙin cikin gida ne, ba wadda ma ta kawo zancen. Matar Alhaji ce ta kawo matsalar gaske, ta ce mijinta in bai ga mai yana yawo a kan miya ba, cewa yake ba a yi girki ba. Muka shirya ba za a yanke a rana ɗaya ba, a riƙa janyewa kaɗan-kaɗan yadda ake yaye. Kuma kada maza su sani, don in suka sani Malam zai gani a fuskarsu. Kowace ta nemi dalilin da za ta bayar a gida. Matar tela ta ce wa mijinta man kasuwa yanzu duk gauraye ne. Matar direba ta ce ita aka hana gishiri a asibiti, kuma ashe ba ƙarya ta yi ba, an daɗe da hana ta, bi ne dai ba ta yi.

A nan na koyi girki karo na biyu, da furfura a kaina. Maman 'yan biyu ta koya mana faten acca irin na garinsu, da yakuwa da alayyahu da gauta, a ɗan daka gyaɗa a zuba, babu mai ko ɗigo. Shekara da shekaru ina ganin tana yi, girman kai ya hana ni tambaya, wai abincin da babu mai ba abinci ba ne. Ni kuma na gano in daddawa ta ji, aka haɗa ta da citta da tafarnuwa da masoro, harshe yana manta rabin gishirin. Muka koma gasa kifi maimakon soyawa, kaza a cire mata fata, wake da zogale suka samu shiga. Wasu ranakun abin ba ya ciwuwa, ba zan ɓoye ba. Akwai wata miya da matar Alhaji ta yi, ko kuliyoyin Ticha ba su bi ta kanta ba.

Makon farko ina jiyo su ta katanga. Alhaji yana cewa, "Wai me ya samu matan layin nan ne? Ko wata ƙungiya suka shiga?" Aka yi dariya. Mako na biyu ma ya yi mita. Daga nan sai na daina jin mitar, na ce to, harshe ya saba.

A kwanakin ne Ticha ya fara buga mana ƙofa da sassafe, bayan Malam ya dawo daga asuba. Wai gwiwarsa ce ke damunsa, an ce ya riƙa tafiya, shi kuma ba ya son fita shi kaɗai saboda karnuka. Malam, da na yi wata uku ina fama da shi ya taka ya ƙi, sai ga shi ya sa takalmi don ya taimaki maƙwabci. Suka fara da zagaya layi, daga baya har wajen Malali suke kaiwa su dawo. Na tambayi Maman 'yan biyu ko ta faɗa wa mijinta. Ta ce ita? Ko kusa. Tana faɗa tana kallon wani wuri.

Malam kafinta ne, idonsa na ganin katakon da ya karkace ko da kaɗan ne. Mun yi wata biyu da ɗoriya a haka, sai aka yi suna a dangin direba, aka aiko masa da soyayyen nama, ya fito da shi tabarma. Ranar Malam ya shigo ya dire kwanona, bai zauna ba.

"Kin faɗa."

Ba tambaya yake yi ba. Na ce, "Na faɗa. Mata kawai na faɗa wa."

"Mata kawai," ya maimaita. Ya ce da aka buɗe naman, wata tsoka mai kitse ta faɗo gabansa, ya kai hannu, sai Alhaji ya riga shi, ya ɗauke ya jefa wa kyanwa, ya ci gaba da labarin goronsa, ko kallonsa bai yi ba. Alhajin da a kan kitse sai ya yi faɗa da ɗan cikinsa! Tela kuma ya zaɓo jan nama zalla, ɗan ƙarami, ya tura masa.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba sai ta dole. Yana karɓar ƙwayoyinsa daga hannuna yana kallon gefe. Na ji zafi ƙwarai, amma ban ba da haƙuri ba, don ban yi nadama ba. Ina kallonsa yana shan ƙamshi a tsakar gida, ina cewa a raina, yi fushinka Malam, kai dai ka yi shi a raye.

Rana ta biyar ita ce ranar komawa asibiti. Ya hau matattakalar nan yana gaba ina baya, ina jiran inda zai tsaya ya karanta sanarwa. Bai tsaya ba sai ƙofar likita. Jini ya sauka, maiƙo ya sauka. Likita ta dubi takarda, ta dube ni, ta ce, "Mama, me kika canza?"

Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Layi guda ta canza."

Da yamma na yi faten acca, ya ɗauka ya fita. Na ga ya tsaya a zaure yana gyara hula sau biyu, na san da magana a bakinsa, sai na bi shi na laɓe a bayan ƙofa. Laɓe ba halina ba ne, amma ranar na yi. Bayan sun dawo daga masallaci ya gyara murya, ya ce akwai abin da ya ɓoye musu. Ya naɗe hannun riga ya nuna musu ɗan tabon wuyan hannunsa, ya ba su labarin duka.

Sai Alhaji ya ce, "Ka gama? To miƙo faten nan kafin ya huce. Tun mako na biyu muka sani. Kana ganin haka kawai zan ci miyar gidana wata biyu ban kai ƙara wurin surukaina ba?"

Suka fashe da dariya, har da Ticha da ba ya dariya da ƙarfi. Da dariyar ta lafa sai na ji Alhaji ya sauke murya, abin da ban san ya iya ba.

"Malam, tabarmar nan ta mutum biyar ce. In muka koma huɗu ba za ta zaunu ba. Ci abinci."

Na toshe baki da mayafi na koma ciki. Da ya shigo ya dire kwanon, ba nauyi. Na ɗaga murfi, an suɗe shi fes. Ya tsaya a kaina kamar zai yi dogon jawabi, sai kawai ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, na ɗauki kwanon na kai wurin wanke-wanke. Sabulu kaɗan ya ishe shi.

Shekara huɗu ke nan. Ciwon bai tafi ba, kuma likita ba ta taɓa ce mana zai tafi ba. Yana shan ƙwayoyinsa kullum, muna komawa awo, jijiya ta biyu tana nan ana tsaronta. Aiki bai daina zuwa shago ba, ya dai bar hawa rufi. Tumbin Alhaji ya ragu har sai da tela ya rage masa wanduna, yana yi yana yi masa tsiya. Gwiwar Ticha kuma har yau wai ba ta warke ba.

Na gode wa Allah da ya riƙe hannuna ban miƙa masa kwalbar maganin olsa ba ranar nan. Na gode wa yarinyar likitar da ta faɗa mini gaskiya ba tare da ta karya ni ba. Amma matan nan huɗu da suka zubar da sunansu na girki saboda mijin wata, da mazan da suka ci lami suka yi shiru don kada ɗan'uwansu ya ji kunya, ban san da bakin da zan gode musu ba. Na taɓa gwadawa da Maman 'yan biyu, ta ce in rufe mata baki in miƙo mata faifai.

Har yau in an idar da magariba nakan leƙa ta tsagar ƙofar zaure in ƙirga. Huluna huɗu, da kan Ticha da ba ya sa hula. Sai in koma ciki in ɗora ruwan wanke-wanke.